Gaisuwar da Ta Wargaza Auren Takarda a Sentul

Akwai wani saurayi ɗan Malumfashi mai suna Tajuddeen, da ya zo Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya karatun digiri na biyu a fannin lantarki. Shekara biyu ya yi. Ya ci jarrabawa, aka ba shi satifiket. Ranar da ya ɗauki hoto da rigar kammala karatu, saura kwana hamsin da biyu bizarsa ta ɗalibi ta ƙare.

Wanda bai zauna ƙasar nan ba ba zai san nauyin wannan ba. Bizar ɗalibi ta karatu ce kawai. Karatu ya ƙare, ita ma ta kama hanya. In kana son ka zauna ka yi aiki, sai wani kamfani ya ɗauke ka, ya nema maka izini da sunansa. In ba ka samu ba, ka tattara kayanka. Ka ƙara kwana ɗaya a kan ranarka, ka zama mai laifi.

Tajuddeen ya bi kamfanoni har ya gaji. Waɗanda suka kira shi hira, da an zo kan fasfo sai fuska ta canja.

"Za mu neme ka."

Ba wanda ya neme shi.

Shi kuwa ba ya son komawa haka. Ba ƙin gida yake yi ba. Abin da ya karanta a littafi yake son ya taɓa da hannunsa, ko na shekara uku ne, kafin ya koma.

A unguwar Wangsa Maju yake zaune, su huɗu a gida ɗaya. Gidan, wani Alhaji Alkasim ne ya kama haya yake raba wa ɗalibai ɗakuna. Alhaji ya shekara ashirin da biyu a ƙasar, yana lodin kaya zuwa Najeriya. Duk wanda ya shiga matsala, abin da za a ce masa ɗaya ne: ka je wurin Alhaji, ya san hanya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya ja shi mamak, wato shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi. Ya sa aka kawo musu shayi.

"Injiniya, saura nawa?"

"Kwana arba'in da shida, Alhaji."

"Kamfanonin fa?"

"Shiru."

"Shiru za ka yi ta ji. Ku yaran nan kun ɗauka satifiket ke zaunar da mutum a ƙasar mutane. Sha shayinka in gaya maka abin da ke zaunar da mutum."

Alhaji ya matso da kujera. Ya ce akwai wata 'yar ƙasa, bazawara, sunanta Khaulah, tana aiki a kantin magani a unguwar Sentul. Ta yarda. A ɗaura aure, a yi rajista, Tajuddeen ya nemi takardar zama ta mijin 'yar ƙasa, a buga masa izinin aiki a kai. Kowa yana gidansa. Bayan shekara biyu ko uku a rabu salin alin.

"Ita ta samu nata, ni na samu nawa, kai ka samu zama. Wa aka cuta?"

"Ubanta fa?"

"Tsoho ne. Shi ne waliyyi, ofishin addini ba za su yarda ba sai da shi. An gaya masa ta samu miji ɗan Afirka, mai ilimi, mai sallah. Ranar ɗaurin aure za ka gan shi, ka ba shi hannu, a shafa, a watse."

"Bai san na takarda ba ne?"

"In ya sani me zai ƙare shi da shi?"

Tajuddeen ya kwana uku yana juya maganar. Ba zan wanke shi ba. Ya amince.

Aka haɗa su da Khaulah sau ɗaya a tashar jirgi, suka ɗauki hotuna kamar masoya don a ajiye saboda hukuma. Ba su yi magana ta minti goma ba.

Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai. A garinsu ba a ɗaura wa mutum aure da 'yar da bai je ya durƙusa gaban ubanta ba. Ya yi ƙoƙari ya manta, abin ya ƙi. Sai ya tambayi Khaulah adireshin gidansu.

Abokin ɗakinsa Bala, wanda shi ma karatunsa ya kusa ƙarewa, ya same shi ranar Asabar da safe yana goge kaftani.

"Ango, ina zuwa?"

"Sentul. Gaisuwa zan je."

Bala ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Gaisuwa? Auren biza ne fa, malam, ba na Malumfashi ba. Ko lefe za ka haɗa? Akwati nawa? In kira maka maroƙa?"

"Ko na mene ne, ba zan ɗauki sunan 'yar mutum ban gaishe shi ba. Haka aka rene ni."

"To a gaida surukai. In an ba ka kaza ka yi mana tapau, ka ƙunso mana a leda."

Goro bai samu ba. Ya sayi kwalin dabino da kwalbar turare, ya sa hula, ya hau jirgi.

Gidan yana hawa na tara a wani tsohon bene. Khaulah ce ta buɗe ƙofa. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta yi ƙasa da murya.

"Ai na ce maka ba sai ka zo ba."

Uban yana zaune a kujerar katako kusa da taga. Sunansa Adnan, ana ce masa Pak Adnan, yadda suke kiran dattijo. Ya haura saba'in. Ma'aikacin lantarki ne a tsohuwar ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta Sentul, har ya yi ritaya. Turancinsa irin na mutanen da ne, da shi suka yi magana.

Ya miƙo hannu, yana jiran saurayin ya kama ya sumbata kamar yadda suke yi. Tajuddeen bai kama ba. Ya zube ƙasa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya zabura ya dubi 'yarsa.

"Faɗuwa ya yi? Kawo masa ruwa!"

"Lafiyata ƙalau, Baba. Haka muke gaida iyaye a garinmu."

Pak Adnan ya daɗe yana kallonsa a ƙasa. Can ya ce, "Mijinta na farko a tsaye ya gaishe ni, hannu ɗaya riƙe da waya."

Daga nan abu ya fi ƙarfin kowa. Tsohon ya fita da kansa ya ƙwanƙwasa wa maƙwabta. Kafin azahar falo ya cika. Aka kawo shinkafa da kifi da miya mai yaji. "Makan, makan," tsohon yake ta faɗa, wato ci, ci, yana ƙara masa da hannunsa. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ku zo ku ga yadda ake gaisuwa a ƙasarsu."

Khaulah tana kicin, ta ƙi fitowa.

Da aka ci aka wanke hannu, Pak Adnan ya ce, "Mahaifinka yana lafiya? Ya sunansa?"

"Malam Hamisu. Ya rasu, shekara shida ke nan."

Tsohon ya ɗaga hannu. Maƙwabta suka ɗaga. Ya karanta Fatiha, ya ambaci Malam Hamisu da sunansa, harshensa yana karya sunan. Ya roƙi Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da tarbiyyar da ya yi wa ɗansa, Ya haɗa gidajen nan biyu har jikoki.

Kowa ya ce amin. Tajuddeen hannunsa yana sama, amma bakinsa ya ƙi buɗuwa.

Da ya fito, Khaulah ta biyo shi matakala.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa."

"Ka ga abin da ka yi? Rabona da in ga Baba ya yi dariya haka tun mahaifiyata tana raye."

"Me ya sa kika yarda da wannan abu?"

"Kullum tambayarsa ɗaya. Wa zai riƙe ki in na mutu? Da safe ita ce, da yamma ita ce. Na gaji. Na ce ya ga aure, hankalinsa ya kwanta."

"In aka rabu fa?"

"Wataƙila kafin nan..." Ba ta ƙarasa ba.

Tajuddeen ya ce, "Ba zan iya ba."

"Yanzu? Sai da ka sa ya tara mana maƙwabta sannan ka gane ba za ka iya ba?"

"Laifina ne. Ni zan dawo in gaya masa da bakina. Ba zan sa sunanki a ciki ba."

"Kwana nawa ya rage maka?"

"Talatin da takwas."

"To ka je ka ƙirga su," in ji ta, ta juya ta hau sama.

Ranar Litinin ya sami Alhaji Alkasim a rumbun kayansa da ke Danau Kota, ana ɗaure kwalaye. Ya gaishe shi, ya gaya masa ya fasa.

Alhaji ya ajiye wayarsa a hankali.

"Wa ya ce ka je gidan?"

"Ba wanda ya ce."

"Aure nawa na haɗa a garin nan, ba wanda ya taɓa zuwa gaisuwa sai kai. Kai ne mai ladabi. To ladabin ya buga maka biza."

"Mutumin ya yi wa ubana addu'a, Alhaji. Da sunansa. Ba zan koma in zauna gabansa in karɓi 'yarsa da ƙarya ba."

"Kowa yana yi!"

"Su yi."

"Ka san irin wahalar da na sha kafin matar nan ta yarda? Za ka koma Malumfashi kana gyaran janareto a bakin titi."

"Gyaran janareto sana'a ce, Alhaji. Wannan da kake yi ne ban san sunanta ba."

Masu ɗaure kwalaye suka tsaya. Alhaji ya miƙe.

"Ni kake gaya wa haka? Na haife ka!"

"Shi ya sa na zo da ƙafata ban turo saƙo ba."

"Ka fitar mini da kayanka daga ɗakina kafin Juma'a."

"Yau zan fitar."

Ya fitar kuwa. Akwati biyu da tukunyar dafa shinkafa. Wani ɗan Gusau da suka yi aji ɗaya ya ba shi wurin shimfiɗa tabarma a falonsu. Kafin sati ya zagayo, labari ya cika gari cewa Tajuddeen ya yi wa Alhaji rashin kunya, kuma wawa ne, an kawo masa zama har ɗaki ya ture. Wasu suka daina amsa sallamarsa a masallaci. Bai bi kowa da bayani ba.

Washegarin fitarsa ya koma Sentul. Khaulah tana wurin aiki. Tsohon ya buɗe ƙofa da murna. Tajuddeen ya durƙusa a inda ya durƙusa rannan.

"Baba, ƙarya na zo na yi maka. Bizata ce za ta ƙare. Takardar zama nake nema, ba aure ba. Na fasa, kuma na ga bai kamata ka ji a bakin wani ba."

Murnar ta sauka daga fuskar tsohon. Ya lallaɓa ya zauna.

"Khaulah ta sani?"

"Nawa na zo faɗa, Baba. Nawa laifin ma ya ishe ni."

"Na tambaye ka ta sani?"

Tajuddeen ya ƙara sunkuyar da kai. Ba zai ƙara wata ƙarya ba, kuma ba zai tona ta ba.

Tsohon ba yaro ba ne. Ya kalli taga.

"Na tara maƙwabtana saboda kai."

"Haka ne."

"Ɗauki dabinonka ka fita."

Ya ɗauka. An ci rabin kwalin. Haka ya sauko hawa tara da shi a hannu.

Daga nan sai shirin tafiya. Ya kai fasfonsa makaranta don a rufe masa bizar ɗalibi yadda doka ta ce. Ya yanki tikiti. Ya kira mahaifiyarsa ya ce yana nan tafe, babu aiki. Ta ce, "Ka dawo da ƙafarka dai, kada a rako ka."

Saura kwana tara waya ta yi ƙara. Khaulah ce. Ko gaisuwa babu.

"Baba ya ce ka zo gobe da safe da takardun karatunka. Kuma kada ka durƙusa a bakin ƙofa, maƙwabta suna kallo."

Ya je. Ya tarar da tsohon a ƙasan bene, ya sa riga mai guga, da sanda. Bai amsa gaisuwa ba sai da kai. Suka hau mota har suka isa wata ma'aikata da ake haɗa akwatunan sarrafa wuta na manyan gine-gine. Mai wurin, wani mai furfura da ake kira Encik Zaid, wato Malam Zaid, yana ganin tsohon ya taso da gudu ya sumbaci hannunsa. Ashe Pak Adnan ne ya koya masa aiki tun yana matashi.

Tsohon bai zauna ba. Ya nuna Tajuddeen da sanda.

"Wannan ya zo gidana ya yi mini ƙarya. Ba wanda ya kama shi. Ya dawo da ƙafarsa ya kwashe ta, ya san zamansa a ƙasar nan ya tafi da ita. Aikinmu a bayan murfi yake, Zaid. In mutum ya yi ha'inci a waya, ba mai gani sai ranar da gini ya kama da wuta. Kullum kana kukan ba ka da wanda za ka bar wa akwati ka juya baya. Ga shi. In bai iya aiki ba ka kore shi, ba ɗana ba ne."

Encik Zaid ya duba takardun. Sannan ya kai Tajuddeen gaban wani akwatin gwaji da babu wuta a jikinsa, ya ba shi zane.

"Akwai kuskure a ciki. Nemo."

Tajuddeen ya yi kusan awa yana bi waya-waya. Ya ɗago.

"Na ga biyu. Ina jin akwai na uku, amma ban gano inda yake ba."

"Uku ne," in ji Encik Zaid. "Mutum huɗu na gwada a watan nan. Kowa ya ga ɗaya ya ce ya gama."

Amma bai yi masa romon baka ba. Ya ce zai nema masa izinin aiki da sunan kamfanin, sai dai abin yana ɗaukar watanni, kuma ana iya ƙi. Kafin izinin ya fito, ko sukudireba ba zai taɓa a wurin ba. Ya fita daga ƙasar kafin ranarsa, ya jira a gida.

"Boleh?" in ji Encik Zaid.

"Boleh," in ji Tajuddeen. Wato zai iya.

A bakin titi tsohon ya ce, "Kada ka ɗauka na huce."

"Ban ɗauka ba, Baba."

"Ni da 'yata mun yi magana. Maganar da ya kamata mu yi tun shekara uku. Ba ruwanka da ita." Ya tare mota ya shiga, ya bar shi tsaye.

Tajuddeen ya bar ƙasar saura kwana biyu a bizarsa. Wata biyar ya yi a gida yana haɗa wa mutane sola a Malumfashi da Funtua. Masu tsokana suna ce masa Injiniyan Malesiya. Sau biyu aka nemi ƙarin takardu, sau biyu ya tura. Akwai lokacin da ya cire rai gaba ɗaya.

A cikin watannin nan Bala ya bi hanyar Alhaji da wata mata daban. Jami'ai suka kira su tambayoyi, shi a ɗaki ɗaya, ita a ɗaki ɗaya. Ya kasa faɗin sunan surukinsa. Aka sallame shi daga ƙasar, da hatimin hana dawowa a fasfo.

A wata na shida izinin Tajuddeen ya fito. Ya dawo, ya kama ɗaki a Sentul kusa da wurin aiki. Bai auri Khaulah ba, kada ku tambaya. In sun haɗu a tashar jirgi tana amsa sallamarsa, iyakarta ke nan.

Juma'arsa ta biyu da dawowa ya shiga mamak bayan masallaci. Ga Alhaji Alkasim a teburinsa, da wani ɗan Bauci da ya gama digiri a satin. Alhaji ya matso da kujera, yana masa magana ƙasa-ƙasa.

Ya ɗago ya ga Tajuddeen. Kofi ya tsaya a hannunsa.

"Kai? Ta ina?"

"Ta filin jirgi, Alhaji. Ina wuni?"

"Wacce ka aura?"

"Ba kowa. Aiki nake yi."

Tajuddeen ya juya wurin ɗan Baucin, ya miƙa masa hannu. Bai rage murya ba, duk teburan kusa sun ji.

"Ɗan'uwa, in Alhaji ya ce ya samo maka mata, kada ka yi masa gardama. Ka ce a kai ka ka gaida ubanta tukuna. In ka dawo ka yanke shawara."

Ya karɓi shayinsa a leda ya koma aiki.

Darasi: Aure ba tikitin zama ba ne, kuma a bayan kowace takardar aure akwai iyayen da suka ɗauka da gaske ake. In bizarka ta ƙare ba ka sami halastacciyar hanya ba, ka fita da ƙafarka kafin ranarka, ko duk gari zai ce maka wawa. Wanda ya fita da sunansa a wanke yana iya dawowa. Ku tura wa duk ɗalibin da karatunsa ya kusa ƙarewa, tun kafin wani ya matso masa da kujera.